Ranar da Zomo Ya Yi Sanarwa

Shekarun baya, wata Asabar, kwana shida bayan Babbar Sallah, da ƙarfe tara da rabi na safe, mu uku ne a cikin wani aji na makarantar firamare a Gwallaga: ni, da yayata, da wata 'yar kasuwa 'yar Kudu da kowa ke kira Madam. A kan bencin ɗalibai an ajiye wani babban buhu, kunnen zomo guda ɗaya ya leƙo ta bakinsa. A waje ana jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Ita da wasu mata sun kafa 'yar ƙungiyar sa-kai da ke kula da yara masu ciwon sikila. Sau ɗaya a shekara sukan tara yaran da iyayensu, a dafa shinkafa, a raba magani da gidan sauro, a yi wasa. A wannan shekarar Madam, wadda ke da shagon hayar kayan biki, ta ba su aron kayan zomo kyauta, irin wanda mutum ke shiga ciki gaba ɗaya, da ƙaton kai na soso da safar hannu mai yatsu huɗu. Matsalar ita ce don gajeren mutum aka ɗinka kayan. An gwada wa mazajen 'yan ƙungiyar har uku, ba wanda zif ya rufe a bayansa. A nan ne yayata ta tuna tana da ƙane.

Waɗanda suka san ni a fuska sun san ban cika tsayi ba. Waɗanda suka san ni a murya kawai, kuma su suka fi yawa a garin Bauchi, suna zaton wani ƙaton dattijo ne mai rawani. A lokacin na shekara tara a gidan rediyo, aikina kuwa shi ne karanta sanarwar rasuwa, da safe da kuma bayan labaran rana. Aikin yana da ƙa'idarsa. Ana farawa da Inna lillahi, a faɗi sunan mamaci sau biyu a hankali, a faɗi unguwa da lokacin jana'iza yadda ko mai tuƙin acaɓa zai kama, kuma murya ba ta rawa ko da kuwa ka san mutumin. Na iya aikin, amma na gaji da shi. Har ta kai in na shiga shago na yi sallama da ƙarfi, sai mai shago ya ɗago kai a tsorace kafin ya amsa.

Mako biyu kafin wannan Asabar ɗin, shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce dattijon da ke karanta labaran ƙarfe bakwai na yamma zai yi ritaya, kuma mu biyu ake dubawa, ni da wata abokiyar aikina. Ƙarshen wata za a yanke. Ba abin da nake so a wannan gidan kamar wannan kujerar. Da zan fita sai ya ƙara da cewa, “Ka sani fa, mai karanta labarai ba ya zama abin dariya a gari. Ko gidan biki ka je, ka zauna kamar ana kallonka.”

Shi ya sa da yayata ta zo da maganar zomo na ƙi. Ta zauna a ɗakina ta ƙi tashi.

“Wa zai gan ka? Kanka a cikin soso yake.”

“Yaya, in aka ji fa?”

“Aka ji me? Zomo yana magana ne? Kai dai auta, tun kana yaro son girma yake damunka. Ni na goya ka, na san nauyinka, zif ɗin nan zai rufe.”

Na yarda bisa sharaɗin cewa daga ita sai Madam, ba wanda zai san ko wane ne a ciki. Na fito daga gidanmu na Ƙofar Dumi da sassafe, na shiga makarantar ta ƙofar baya.

Madam ce ta saka ni a ciki da hannunta. Kayan suna warin kafur da tsohon gumi. Tana jan zif tana ba ni doka da irin Hausarta.

“Malam Rediyo, ji nan. Wannan kaya ba ta magana. Ko yaro ta ja wutsiya, ko ta taka ƙafa, kai shiru. Kuma kar ka cire kai gaban yara, za su yi kuka kwana uku. In numfashi ta ƙare, buga kai sau biyu, ni zan zo.”

Na ce wannan dokar ta yi mini daidai, kamar don ni aka yi ta. Ta kifa mini kan, duniya ta koma 'yar taga mai raga a cikin bakin zomo. Mutane nake gani daga ƙirji zuwa ƙasa, wato yara kaɗai nake gani a cike.

Da ƙarfe goma da kwata aka fito da ni. Yara sun kusa talatin. Da farko kowa ya yi tsit, ƙanana biyu suka ɓuya a bayan iyayensu. Ban san abin da zomo ke yi ba, ba wanda ya koya mini. Na ɗaga hannu, ba wanda ya motsa. Na yi taku uku, ƙafar soso ta harɗe da wayar lasifika, na faɗi zaune a ƙasa. Filin ya ɗauka da dariya. Daga nan na gane aikin. Na tashi na sake faɗuwa da gangan. Na nemi zama a kujera na kuskure ta. Na saci hular wani dattijo na ɗora a kan kunnena. Yaran da aka shigo da su suna jan ƙafa, idanunsu rawaya, sai ga su suna bi na da gudu har iyayensu na tsawata musu kar su gaji. Zafi a ciki ba ya faɗuwa, gumi yana shiga idona ba halin sharewa. Amma gaskiya na ji daɗi. Shekara tara ke nan ban ga mutane sun yi murna da isowata ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi aka raba abinci, wasa ya ɗan lafa. A nan na lura da wata yarinya a ƙarshen rumfa, kusa da wata tsohuwa. Za ta kai shekara tara. Ba ta tashi ba tun da aka fara. Fuskarta na bin duk inda hayaniya ta nufa, amma idanunta ba sa bi. Yayata ta kama hannuna ta ja ni wajensu, tana raɗa mini a hanya cewa daga wajen Zungur kakarta ta kawo ta, kuma ban da sikila, ƙyanda ta tafi da ganinta tun tana ƙarama.

Mun tarar suna gardama.

“Iya, na ce me suke wa dariya?”

“Na faɗa miki, wani zomo ne mai tsayin mutum.”

“Zomo ba ya kai tsayin mutum. Ke dai ba ki gani da kyau.”

“Ji ja'irar nan! Ni ce ba na gani?”

“To ai ba kya ji ma.”

Tsohuwar ta yi dariya ta ce wa yayata, “Haka nake fama da ita. Kunnena ya yi nauyi, ita ke riƙe mini rediyo. In an yi rasuwa ita ke faɗa mini, in ɗauki mayafi in tafi gaisuwa. Ba ta taɓa kuskuren suna ba.”

A cikin soso na ji wannan, na ƙara kama bakina.

Yayata ta ce, “'Yata, ga zomon ya zo gaishe ki. Miƙo hannu.”

Na durƙusa na miƙa mata hannu. Ta shafa shi a hankali, yatsa bayan yatsa, ta hau har gwiwar hannu, ta taɓa kunnen. Sai ta saki.

“Wannan ai bargo ne.”

“Zomo ne mana, ga kunnensa,” in ji yayata.

“To ya yi magana.”

Na kaɗa kai, na kaɗa kunne, na yi duk abin da ya sa sauran yaran dariya. Duk na ido ne, ba ko ɗaya da ya isa gare ta. Mu manya mun shirya wa yara biki, mun kawo abin da ba ya magana, ba wanda ya tuna da wadda kunne kaɗai take da shi. Ta jira kaɗan, sannan ta juya wajen kakarta.

“Iya, ba kowa a ciki. Mu tafi gida, ƙafata ta fara ciwo.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ma ɓata rai ba. Ta faɗe shi ne kamar wadda ta saba a kai ta wuri a nuna wa wasu abu. Tsohuwar ta fara tattara leda da takalmi. Ba na ganin fuskar yayata, sai hannayenta da ta harɗe a ƙirji. Na san wannan harɗewar tun ina yaro.

Ina durƙushe na yi lissafi, don ni mutum ne mai lissafi. Akwai mata kusan goma a kusa. Na ce in na matse murya na yi ta siririya, yarinyar za ta samu abin da take so, ni kuma ba wanda zai gane ni. Na matse maƙogwaro na ce, “Sannu ƙawata!”

Abin da ya fito ya fi kama da kukan ƙofar da ba ta sha mai ba. Yarinyar ta karkata kai.

“Ka daina matse murya. Yi maganarka.”

Zan iya buga kaina sau biyu a nan, Madam ta zo ta janye ni. Na tuna da hakan, na kuma tuna da ofishin shugaban sashenmu. Sai na ji na ce, da muryata ta kullum, ƙasa-ƙasa, “Sannu, 'yata. Yaya jikin?”

Ta janye hannunta da sauri ta riƙe zanen kakarta.

“Wa ya rasu?”

Matan da ke kusa suka daina cin abinci. Na ji cokali ya faɗi a faranti. Wata ta ce, “La ilaha illallah, mai sanarwa ne!” Wata kuma ta jawo ɗanta jikinta. Sai a lokacin na fahimci inda nake. Waɗannan iyaye ne da kowacce ta taɓa kwana a asibiti tana ƙirga numfashin ɗanta, kuma muryar da suka fi gudu a garin nan ita ce ta fito daga bakin zomo.

Na ce, “Ba wanda ya rasu.”

“To me ka zo yi?”

“Na zo gaishe ki.”

“Kai ba ka gaisuwa. Kai sai an mutu.”

Gaskiya ta faɗa, iyakar abin da ta sani game da ni ke nan. Ta sake miƙo hannu ta kama kunnen zomon, kamar kar in gudu.

“To ka yi sanarwata.”

“Kul!” in ji tsohuwar. “Tofar da yawu! Wace irin magana ce wannan?”

“Ba ta mutuwa ba, Iya. Ta cewa na zo.”

Na tambaye ta sunanta da na mahaifinta, kamar yadda nake tambayar duk wanda ya kawo takarda. Ta faɗa. Na maimaita don in tabbatar, ta ce daidai ne. Na miƙe tsaye. Tunda asiri ya riga ya tonu, ban ga amfanin yin abin rabi-rabi ba. Na cusa makirfo ta bakin zomo, na daidaita numfashi, na karanta da cikakkiyar muryar aiki, ban rage komai ba sai Inna lillahin farko.

Na ce ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nesa da na kusa cewa wance 'yar wane, na faɗi sunan sau biyu a hankali, ta iso Gwallaga yau Asabar daga Zungur tare da kakarta, tana nan lafiya ƙalau a ƙarƙashin rumfa, kuma ta ci shinkafa faranti biyu.

“Ɗaya da rabi!” ta ce da ƙarfi. “Iya ce ta cinye sauran!”

Na ce, “Gyara. Ɗaya da rabi. Muna ba masu sauraro haƙuri.”

Ba zan iya kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wannan yarinya. Yarinyar kuwa tana ta dukan cinyarta tana cewa in sake. Na sake. Kafin in gama, yara sun yi layi a gabana, kowa na son tasa. Na yi wa kowa. Wane ɗan wane ya zo daga Ƙofar Dumi, ya sha maganinsa ba tare da an danne shi ba. Wance 'yar wane ta zo da sabon takalmi wanda ya yi mata yawa. Kowane suna sau biyu, a hankali, yadda aka koya mini. Madam na tsaye a gefe hannu a ƙugu. Da na wuce ta kusa da ita ta ce, “Shekara takwas kaya nan tana wurina, yau ta fara magana. Ci gaba, Malam Rediyo.”

Bayan an tashi, ina cikin ajin nan na cire kan, rigata sharkaf kamar an tsamo ni daga rijiya, sai wata mata ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Ta ce ɗanta ne mai shan magani ba tare da an danne shi ba.

“Malam, ka yafe mini. Shekara shida ke nan, in na ji muryarka kashe rediyo nake yi. Kullum ina tsoron ranar da zan ji sunansa a bakinka. Yau na ji, ga shi can yana wasa. Shi ke nan abin da na zo faɗa.”

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin, ta tafi. Na daɗe zaune a kan bencin da kan zomo a cinyata.

Ban manta an ɗaga wayoyi ba lokacin da nake sanarwar. Ranar Litinin da ƙarfe tara shugaban sashenmu ya kira ni. Wayarsa na kan tebur, ga zomo a tsaye da makirfo a baki. Ya kunna, muka saurara tare har ƙarshe. Na ga gefen bakinsa ya motsa a wajen “ɗaya da rabi”, amma ya danne.

“Kai ne?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Matata ta turo mini. Ita kuma ƙanwarta ta turo mata. Direbana ma yana da shi.” Ya kife wayar. “Ban ce ka yi laifi ba. Aikin lada ka yi, Allah ya ba ka. Amma ka faɗa mini, gobe in ruwa ya ci gidaje, ka zauna kana karantawa, me mai sauraro zai gani a ransa?”

Na ce, “Kunnuwan zomo.”

“To ka gani.”

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban yi roƙo ba. Na fito, na shiga ɗakin watsa shirye-shirye, na karanta sanarwar rana. Guda huɗu ce a ranar.

Wata guda na yi ina jin haushin yayata, ko da yake na san ba ita ta buɗe mini baki ba. Ita kuwa ko a jikinta. In na je gidanta sai ta ce wa 'ya'yanta su kawo wa kawunsu karas. Daga baya haushin ya wuce, na zauna na duba abin da idon ma'aikaci. Shugaban sashenmu bai zalunce ni ba. Ya faɗa mini ƙa'ida tun kafin, na ji, na karya ta ina sane. Har yau in na ji ana buɗe labaran yamma, abin yakan ɗan dame ni, ba zan ɓoye muku ba. Na so kujerar nan, kuma ina ganin da na iya ta.

Abin da ya sauya shi ne yadda nake kallon aikin da nake ƙoƙarin gudu. Kafin wannan rana ina zaton takarda nake karantawa. Ban taɓa tunanin akwai yarinya a Zungur da ke manna kunne a rediyo tana haddace sunaye don kakarta ba, ko uwa a cikin gari da ke miƙa hannu ta kashe shi da ta ji na buɗe baki. Na san akwai masu sauraro, kowane ma'aikacin rediyo ya san wannan, amma ban taɓa tsayawa a gabansu ba sai da aka rufe mini fuska. Tun daga nan, in an kawo takarda nakan tambayi mai kawowa yadda ake kiran mamacin a gida, da yadda ake furta sunan kakansa, ko da zai ci mini minti biyar.

A ƙarshen watan aka ba abokiyar aikina labaran ƙarfe bakwai, kuma ta riƙe su da kyau har ta bar gidan. Ni na ci gaba da sanarwar rasuwa shekara biyar bayan haka, kowace shekara kuma ina shiga kayan zomo ranar taron yayata. A cikin waɗannan shekarun, sunaye biyu daga cikin waɗanda na kira a ƙarƙashin rumfar nan sun zo teburina a rubuce. Ni na karanta su. Na yarinyar Zungur ba ya ciki.